Kundin killace anemoni huɗu, daga buɗe leda zuwa ciyarwar farko

Asabar, 1 ga Maris

Jibi kayan za su sauka daga Jakarta. Anemoni huɗu ne a ciki, wato dabbobin teku masu laushin jiki, da ƙafa guda da suke mannewa da ita a ƙasa, da faifai a sama mai yatsu masu harbi kewaye da baki: Heteractis magnifica, Stichodactyla gigantea, Stichodactyla haddoni, sai Entacmaea quadricolor mai ƙululu a kan yatsu. Biyun farko su ne abin fargaba. An san su da isowa cike da ruwa gwanin sha'awa, mai saye ya ɗauka ya yi dace, kafin mako biyu sun narke a cikin tanki. Ganin minti biyar ba ya faɗa maka lafiyar anemoni. Dole sai an bi ta awa bayan awa ana rubutawa, shi ya sa aka buɗe wannan kundi.

An haɗa tankuna huɗu masu cin lita 38 kowanne, da wasu biyu na ajiya domin canjin ruwa. Babu yashi, babu dutse, babu soson tacewa. An raba kowane tanki da ragar roba mai ƙananan gidaje, kashi ɗaya cikin uku na hita mai wat 50 da ƙaramin famfon motsa ruwa, sauran wurin na dabbar. Anemoni tana tafiya, musamman idan ba ta jin daɗin inda take, kuma marar lafiya takan saki ƙafa ta bi ruwa. Ta taɓa bakin famfo zai yayyanka ta, ta jingina da hita za ta ƙone. An sa kofin tangaran a kife a tankin magnifica, domin ita tana son hawa kan abu mai tsayi, farantin tangaran kuma a na gigantea. Amfanin tangaran shi ne ba ya shan magani, kuma idan ta kama shi ana iya ɗaga ta da shi ba tare da an taɓa ƙafarta ba. Haddoni ta samu kwanon roba da yashi mai zurfin santimita 10, tunda ita binne ƙafarta take yi.

Ruwa shi ne babban aikin. Duro biyu masu lita 200 na juyawa tun safe da ruwan da na'urar RO, mai cire gishiri da datti daga ruwa, ta tace, gishirin teku kusan giram 38 a kowace lita, har ma'auni ya tsaya a kashi 35 cikin dubu. Zafi digiri 26. Ba za a yi amfani da ruwan da bai kwana yana juyawa ba, sabon haɗi yana ƙona fatar dabbar. Kowane tanki da nasa tiyo, da bokiti, da safar hannu, an rubuta musu lamba. Duk abin da ya taɓa shiga tankin maganin kifi an fitar da shi daga ɗakin, saboda jan ƙarfen da ake kashe cutar kifi da shi yana kashe anemoni ko da ɗan kaɗan ne ya rage a jikin tiyo.

Litinin, 3 ga Maris

Sun iso bayan fiye da awa 30 a leda. An buɗe akwatunan da hasken ɗaki a rage. An bar ledojin a ɗaure suna yawo a saman tankuna minti 20 don zafi ya daidaita, sannan aka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Ba a yi musu doguwar ɗigar ruwan nan ta awa biyu ba, wadda ake ɗiga ruwan tanki cikin na leda a hankali don dabba ta saba, kuma da dalili. A cikin rufaffiyar leda iskar da dabbar ke fitarwa tana saukar da pH, wato ruwan ya ƙara tsami, yawancin amoniyar da ta taru daga dattin jikinta sai ta zauna a siffarta marar dafi sosai. Da an buɗe, iska ta shiga, pH ya fara hawa, amoniyar ta rikiɗe ta koma mai ƙuna. Duk mintin da aka ƙara a wannan ruwa cutarwa ne. Gishirin ledojin ya nuna 33 zuwa 34, tazarar ba ta da yawa, saboda haka aka ƙara ruwan tanki kofi-kofi na minti 15, aka kwashe su da kwano cikin ruwa kaɗan. Ba a ɗaga ko ɗaya da hannu a iska ba. Jikin anemoni kusan duk ruwa ne, nauyin ruwan kaɗai na iya yaga ta.

Ga yadda aka same su. Magnifica faɗinta santimita 24, ruwan ledarta ya yi gurɓi, ƙafa lafiya lau, baki a ɗan buɗe kamar milimita 10, ta kama kofin cikin minti 40. Gigantea santimita 19, ledarta na da ɗan wari da baƙaƙen ɗigo a ƙasa, bakinta a hangame har ana ganin cikinsa, yatsunta ba sa kama safar hannu. Lafiyayyar gigantea gajerun yatsunta kan yi ta motsi ko ruwa bai kaɗa su ba, wannan kam shiru. Haddoni ta damƙe safar har sai da aka lallaɓa aka zare, alama ce mai kyau. Quadricolor tana da ɗan yagewa a gefen ƙafa, bai kai santimita ɗaya ba, bai shiga tsakiya ba.

Za a riƙa ɗaukar hoton kowacce daga wuri ɗaya ƙarfe 8 na safe, 12 na rana, 4 na yamma da 8 na dare, tare da ma'aunin faɗi da na buɗewar baki.

Talata, 4 ga Maris

Yau aka yanke shawara, kuma ba shawara ɗaya ba ce ga dukkansu.

Magnifica ta wayi gari cike, har wanda bai ga hoton dare ba zai ce ta warware. Ƙarfe 11 ta sace kamar tayar da ƙusa ta huda, faifanta ya kwanta a kan kofin, yatsu sun zama kamar zare, baki ya buɗe milimita 25, ta fitar da yauƙi da ƙananan dunƙule masu ruwan ƙasa. Ƙarfe 2 ta sake cika. Ƙarfe 6 ta sake sacewa. Lafiyayyar anemoni takan sace lokaci-lokaci don ta canza ruwan cikinta, amma takan yi ne na ɗan lokaci da bakinta a tsuke. Sacewa sau biyu a wuni ɗaya da baki a hangame, wannan shi ne zagayen da aka sani, kowace sacewa ta fi ta baya tsawo, kowace cika ta fi ta baya ƙanƙanta, har ranar da ba za ta tashi ba. Dunƙulen nan kuwa ba kashi ba ne kawai. Mafi yawansu ƙwayoyin gansakukar da ke zaune a cikin naman jikinta ne, waɗanda ke sarrafa haske su ciyar da ita, take amayar da su haɗe da mataccen nama.

Gigantea ba ta cika ba ko sau ɗaya. Ita da magnifica za su fara shan magani daren yau. Haddoni da quadricolor ba za a ba su komai ba sai ruwa mai tsabta. Akwai masu zuba magani ga duk anemonin da ta shigo, a ganinmu wannan kuskure ne: maganin da ake magana a kai na mutane ne, yana cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu matuƙar muhimmanci, kuma duk zubawar banza tana koya wa bakteriya yadda za su jure masa.

Maganin siprofuloksasin ne, wanda aka fi sani da sipro, an karɓo shi da takardar likitan dabbobi. Awon da masu kiwo suka daɗe a kai shi ne miligiram 250 a lita 38, wato kimanin miligiram 6.6 a kowace lita, kwana bakwai a jere. Daga gwajin masu kiwo wannan awo ya fito, kuma bakteriyar da aka fi zargi su ne dangin Vibrio, waɗanda ke hayayyafa cikin sauri a ruwan leda mai ɗumi da datti. Sipro yana hana bakteriya kwafe ƙwayar halittarsu, sai su kasa yaɗuwa. Abu biyu ne ke rage masa ƙarfi a wannan aiki. Haske yana lalata shi, shi ya sa ake zubawa bayan an kashe fitila, ya samu dare guda yana aiki. Sannan kalsiyom da maganiziyom da suka cika ruwan teku suna ɗaure wani kaso nasa, don haka ba a rage awon da sunan tausayi.

Tsarin kowane dare: ƙarfe 7 a kashe fitila, a cika tankin ajiya da ruwan duro, a tabbatar zafi da gishiri sun yi daidai da na tsohon, a ɗauko dabbar da kofinta a cikin kwano a mayar can. A daka rabin ƙwaya mai 500 a narkar a kofin ruwan tanki, a zuba a ɓangaren famfo, ba a kan dabbar ba. Farin garin da ke kwanciya a ƙasa abin haɗa ƙwayar ne, ba ya narkewa, ba matsala ba ne. Tsohon tanki a wanke, a shanya shi don gobe. Babu gawayin tacewa, babu na'urar da ke kwashe datti da kumfa, babu fitilar UV, dukkansu suna cire maganin ko su lalata shi. Babu abinci kuma. Cikin da ya kamu ba ya narkar da komai, abincin ruɓewa zai yi a ciki.

Laraba, 5 ga Maris

Magnifica ta sace sau ɗaya, na awa biyu. Dunƙulen da ta fitar sun fi na jiya yawa, an tsotse su da sirinji mai dogon tiyo da zarar sun fito, don kada ta sake haɗiye su. Gigantea tana nan a kwance, ta saki farantin. Amoniya a tankinta ta kai 0.5 kafin azahar, aka canza rabin ruwan, da dare aka yi cikakken canjin kamar yadda aka tsara. A tankin da babu tacewa, kuma maganin na kashe bakteriyar da za su ci amoniya, canjin ruwa ne kaɗai kariya. Rabin nasarar wannan magani a cikin bokiti take.

Fitila awa 9 a rana, an ɗaga ta sama don ƙarfin haske ya tsaya kusan 120 a ma'aunin PAR. Duhu gaba ɗaya ba ya taimaka musu, suna buƙatar sauran gansakukarsu ta ci gaba da aiki.

Alhamis, 6 ga Maris

Zubi na uku. Bakin magnifica ya koma milimita 8. Ruwan da aka zubar yana taruwa a duro na uku da aka ajiye a rana, da jakar gawayi a ciki da famfo yana juyawa. Ba za a kwarara shi kai tsaye a magudana ba. Gawayin zai tafi tare da sharar magunguna.

Juma'a, 7 ga Maris

Matsala biyu yau.

Da asuba an tarar magnifica ta bar kofin, ta hau gilashi, rabin faifanta ya tsallaka saman raga zuwa ɓangaren famfo. Ragar ta tsaya daidai da saman ruwa ne, ya kamata ta zarce shi da santimita 3 aƙalla. Yatsu shida ko bakwai sun gutsure a bakin famfon, jikin bai taɓu ba. An kashe famfo, an ƙara tsawon ragar a duk tankunan, an ɗaura soso a bakin kowane famfo. Tafiyar kanta labari ne mai daɗi, domin anemonin da ke da ƙarfin hawa gilashi tana neman haske da motsin ruwa ne, kuma a teku ma magnifica a saman duwatsu take zama inda igiya ke dukanta. An ƙara wa famfon ƙarfi kaɗan, an sauko da fitila har ƙarfin haske ya kai 150.

Da ta kama gilashi, canjin ruwa ya sauya. Ba a ɓamɓare ta ba. Ƙafar anemoni idan ta yage a tsakiya da wuya ta warke, kuma ɓamɓarewa kullum na ƙara mata wahala. Sai aka koma zuƙe ruwan da tiyo mai faɗi, wani na tallafe da jikinta da tafin hannu cikin safa don kada nauyinta ya rataya a kan ƙafa, a mayar da sabon ruwa nan take. Duka aikin bai wuce minti uku ba. Idan dole sai an cire ta wata rana, hanyar ita ce a karkata famfo zuwa gefen ƙafar, ko a shafa gefen a hankali da babban yatsa har ta saki da kanta.

Ta biyun ita ce gigantea. Farin zare mai murɗe-murɗe, wanda wurinsa cikin ciki ne, ya fito ta baki ya kwanta a kan faifan. Da aka hura mata ruwa da sirinji, guntayen nama suka tashi daga gefen bakin.

Asabar, 8 ga Maris

Gigantea ta mutu. An yi maganar sauya mata magani zuwa haɗin salfametokzazol da tirimetofirim, wanda wasu ke komawa gare shi idan sipro bai nuna alama ba bayan kwana uku ko huɗu, amma maganin bakteriya ba ya mayar da naman da ya riga ya narke. Da safe ba ta motsa ba da aka taɓa ta, jikin na rabewa, warin kuma bai bar shakka ba. An kwashe ta da kwano, ba da raga ba, don raga na farfasa ta ne a cikin ruwa. Tankinta da tiyo da faranti za su kwana a ruwan kulorin, a ɗauraye, su bushe kwana uku.

Idan aka koma kan hotunan ranar Litinin, alamun suna nan tun a leda: wari, baƙin ɗigo, yatsun da ba sa kamawa. Da a daren isowarta aka fara zubi maimakon jiran dare na biyu, da wataƙila an samu abin cetowa. Daga yanzu duk gigantea ko magnifica da ta iso da biyu daga cikin waɗannan alamu za ta fara magani a daren farko. Wadda ta iso da ruwa garau da baki a tsuke za a ci gaba da sa mata ido kawai.

Abin yana da ciwo. Dabba ce mai iya rayuwa shekaru masu yawa a teku, daga can aka ciro ta, kuma inda aka ciro ta akwai kifayen Amphiprion, masu zama a cikin yatsun anemoni, da suka rasa gida.

Litinin, 10 ga Maris

Zubi na bakwai, na ƙarshe. Magnifica ba ta sace ba tun ranar Juma'a, kwana uku cur. Tun Asabar aka ji ra'ayin a tsaya tunda ta warware, ba a tsaya ba. Yanke magani a rana ta huɗu ko ta biyar na iya sa cutar ta dawo, kuma idan ta dawo bakteriyar da suka rage su ne masu taurin kai.

Talata, 11 ga Maris

Cikakken canjin ruwa ba magani. An rataya ƙaramar jakar gawayi a ɓangaren famfo don ta kwashe abin da ya saura. Daga yau rabin ruwa za a riƙa canzawa kullum har kwana bakwai, domin a makon da ke bin magani ne ake gane ko an yi nasara. Idan ta sace sau biyu a wuni ɗaya da baki a buɗe, a koma wurin likita kafin a sake zuba komai.

Launinta ya kwashe sosai. Yatsun da suka iso da ruwan ƙasa mai duhu yanzu sun yi fari-fari, ana hango haske ta cikinsu. Wannan farin ba kyau ba ne, ko da yake a kasuwa yakan ja ido, rashin gansakuka ne, wato rashin rabin abincinta. Ƙafar kuwa ta riƙe jan launinta, tunda wannan launin nata ne na kanta.

Juma'a, 14 ga Maris

Biyun da ba a ba magani ba suna lafiya. Yagewar ƙafar quadricolor ta haɗe tun rana ta shida, sai ɗan farin tabo. Ta karɓi guntun jatan lande mai girman ƙwayar wake ta rufe a kansa cikin minti ɗaya. Wannan nau'in ya fi sauran haƙuri, yana rabuwa biyu da kansa a tanki, shi ya sa ake samun wanda aka kiwata ba daga teku ba, kuma shi ya fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe anemoni ba.

Haddoni ta binne ƙafarta har ƙasan kwanon, da an taɓa gefen faifanta takan shige cikin yashi da sauri. Bakinta ya ɗan turo waje a kwana biyun farko, ya koma da kansa. Da an zuba mata sipro a lokacin, da an ce maganin ne ya yi aiki. A kula da harbinta, safa doguwa har gwiwar hannu, kuma kada a taɓa ido kafin a wanke hannu.

Laraba, 19 ga Maris

Kwana takwas ba magani, ba sacewa. An gwada magnifica da abinci na farko, guntu biyu na ɗanyen jatan lande, kowanne bai fi milimita 5 ba, aka ajiye kusa da baki da famfo a kashe. Yatsun suka kama, ta kai shi ciki cikin minti huɗu. An duba washegari da safe, ba ta amayar ba. Manyan yanka ne ke jawo matsala, ta haɗiye da rana ta dawo da shi da dare a ruɓe. Za a ci gaba da ƙananan guntaye sau biyu a mako.

An mayar da ita tanki mai lita 110 da aka daɗe da tayar da tacewarsa, da dutse guda mai faɗin kai a tsakiya, nesa da gilashi ta kowane gefe. Idan yatsunta na taɓa bango za ta bi bangon ta hau. An rufe duk bakin famfo da soso.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Wata ɗaya da isowa. Ana ƙara haske da kusan 25 a kowane mako, yanzu yana 200, inda ake nufa 300 ko sama da haka kaɗan. Gaggawa a nan tana ƙone sauran gansakukar da ake ƙoƙarin rainawa. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa sun fara bayyana a gindin yatsun da ke tsakiyar faifai, daga nan launin ke yaɗuwa, kuma yakan ɗauki watanni. Cikin sinadaran da gansakuka ke ci, nitiret yana tsakanin 3 da 5, fosfet 0.05. An bar su haka da gangan, gansakuka ba ta hayayyafa a ruwan da aka tace har ya zama ba komai a cikinsa. Faɗinta santimita 22, ta ragu da biyu daga ranar farko. Yatsun da famfo ya gutsure sun tsiro, gajeru ne har yanzu.

Ba a sa mata kifi ba, ba kuma za a sa ba tukuna. Kifin anemoni yana shiga cikin yatsu yana goga, wani lokaci har ya tura kai cikin baki, mai jinya ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Akwai kuma dalili na biyu da ya shafi duka ukun. Anemoni ba ta kamuwa da cutar farin ɗigo ta kifi, amma ƙwansar cutar na iya zuwa manne da guntun dutse ko ɓawon da ke ƙafarta, ta zauna makonni kafin ta fashe. Wa'adin da aka saba bi shi ne kwana 76 ba kifi a ruwan, wanda daga 3 ga Maris zai cika 18 ga Mayu. Hotuna sun koma sau biyu a rana, safe da dare. Awo na gaba ranar Alhamis mai zuwa, tare da ƙarin haske zuwa 225.